Kama da wane ba wane ba ne: bindigar eyasof da dokokin hana kwaikwayon bindiga

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune da iyalina a lardin Ontariyo na ƙasar Kanada. Ɗana mai shekara 15 ya matsa mini in saya masa bindigar wasan eyasof, wai abokan makarantarsa suna zuwa wani fili duk Asabar. Da ya nuna mini hotonta sai gabana ya faɗi, don ba ta da maraba da ta sojoji. Kuma na ji an ce gwamnati na shirin haramta su gaba ɗaya. Shin gaskiya ne? In na saya, kuɗina zai tafi a banza ne, ko ma in jefa yaron cikin matsala da 'yan sanda? A taimaka a fahimtar da ni, Allah ya saka da alheri."

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka guda uku ce a dunƙule: ko an haramta, ko za a haramta nan gaba, da kuma ko akwai haɗari ga yaron ko da ba a haramta ba. Amsar ta farko a'a ce. An yi yunƙurin hanawa har sau biyu, a 2021 da 2022, a cikin wani ƙudirin dokar bindigogi mai lamba C-21, amma aka cire sashen da ya shafi eyasof kafin ƙudirin ya zama doka a ƙarshen 2023. Ta biyu ba mai iya rantse maka a kai. Ta ukun ita ce ta fi cancantar faɗuwar gabanka, kuma a kanta zan fi daɗewa, domin abin da ke jefa yara cikin masifa da wannan bindiga ba ƙarfinta ba ne, kamanninta ne, da kuma wurin da aka gan ta.

Mece ce ita kanta bindigar

Wasan da kantuna ke rubutawa airsoft, wanda 'yan wasa ke harbin juna da harsashin roba a cikin fili, ya samo asali ne daga Japan, ƙasar da dokarta ta 1958 ta kusan hana farar hula mallakar bindiga ɗungurungum. Masu sha'awar bindiga suka koma ga kwaikwayonta, sai kamfanin Tokyo Marui ya fito da mai aiki da batir a 1991, wadda har yau a kan tsarinta ake ƙera yawancin waɗanda ke kasuwa. Harsashinta ƙwallon roba ne mai faɗin milimita 6, nauyinsa daga giram 0.12 zuwa 0.40 ko sama kaɗan, kuma iska ce ke tura shi, ba albarushi ba. A cikin mai batir akwai ɗan ƙaramin inji da ke juya giya uku, wato faifan ƙarfe masu haƙora, su ja fistin baya a kan sifirin, su sake shi ya hura iska. Akwai mai gas, akwai wadda ake ɗanawa da hannu kafin kowane harbi, akwai kuma mai tukunyar iska da ɗan wasa ke goyawa a baya.

Ana auna ƙarfinta da jul. Lissafin mai sauƙi ne: nauyin harsashi a kilogiram, sau gudunsa a mita cikin daƙiƙa, sau gudun kuma, a raba biyu. Harsashin giram 0.20 da ke gudun mita 100 a daƙiƙa, wato ƙafa 328, yana ɗauke da jul 1 daidai. Harsashin ƙaramar bindiga ta gaske mai milimita 9 yana kusan jul 500, na AK-47 kuwa kusan 2,000. Ka ga ba a ma haɗa su. Abin da eyasof ke iya yi shi ne ta bar shaida a fata, ta karya haƙori, ko ta fasa ido in babu kariya. Na ƙarshen nan ba wasa ba ne, kuma a kansa dokar Kanada ta ginu.

Maganar da ake yawan yi cewa ana iya mayar da ita ta gaske ba ta da tushe a kan mai batir. Bututun cikinta siririn tagulla ne ko alminiyom, jikinta roba ce ko ƙarfe mai gautsi, babu ɗakin da harsashin gaske zai zauna, babu allurar da za ta doke shi. Wanda ya gwada, hannunsa zai fara rasawa.

Abin mamaki a dokar Kanada

A nan mutane da yawa ke ruɗewa, har da waɗanda suka daɗe a wasan. A yawancin ƙasashe, bindigar da ta fi ƙarfi ita doka ta fi takurawa. A Kanada akwai wani juyi. Dokar laifuka ta ƙasar ta haramta abin da ta kira kwaikwayon bindiga, ta kuma fassara shi da abin da ya yi kama da bindigar gaske sak ko kusa da sak, amma shi kansa ba bindiga ba ne. Ita kuma bindiga a dokar, ita ce abin da ke harba wani abu ta bututu da ƙarfin da zai iya yi wa mutum mummunan rauni. Ma'aunin raunin shi ne fasa ido, kuma da idon alade ake gwajin. Ga harsashin roba na giram 0.20, hukumomi sun tsayar da iyakar a gudun ƙafa 366 a daƙiƙa, wato mita 111.6, kimanin jul 1.2.

To ga yadda abin ya kasu. Wadda ke harbi ƙasa da ƙafa 366 kuma ta yi kama da ta gaske, kwaikwayo ce, haramun ne a shigo da ita ko a sayar wa mutum. Wadda ta kai 366 ta zama bindiga a idon doka, don haka ta fita daga fassarar kwaikwayo. Amma ba ta buƙatar lasisi ko rajista sai ta haura iyaka biyu a lokaci guda: gudun mita 152.4 a daƙiƙa, wato ƙafa 500, da ƙarfin jul 5.7. A wannan tsakanin, daga 366 zuwa 500, duk harkar eyasof ta Kanada take rayuwa. Shi ya sa bindigogin Tokyo Marui, da ake yabo a duniya saboda inganci, suke da wuyar shiga Kanada: dokar Japan ta tsayar da su ƙasa da jul 0.98, ƙarfinsu bai kai a ce halal ne ba. Shi ya sa kuma a da kantunan Kanada suka cika da masu jikin roba garai-garai da ake hango cikinsu.

Kada kalmar "ba ta buƙatar lasisi" ta yaudare ka. A shari'ar Dunn, wadda Kotun Ƙolin Kanada ta tabbatar a 2014, an yanke cewa bindigar iska mai iya fasa ido bindiga ce a sauran sassan dokar laifuka. Ma'ana, nuna ta ga mutum ba bisa dalili ba, ɓoye ta a jiki a fita, ko yin sakaci wajen riƙonta, duk ana iya tuhumar mutum a kansu kamar ta gaske ce. Wanda kuma ya yi fashi da ita, hukuncin mai makami ke jiransa.

Abin da ƙudirin C-21 ya so yi

Gwamnatin Justin Trudeau ta gabatar da ƙudirin C-21 a watan Fabrairun 2021 ta hannun minista Bill Blair. Ya mutu da aka rushe majalisa don zaɓen wannan shekarar. Aka dawo da shi da lamba ɗaya a ranar 30 ga Mayun 2022 ta hannun Marco Mendicino. Babban jigonsa ƙananan bindigogi na gaske ne, amma a cikinsa akwai ɗan sashe da zai toshe tsakanin nan da na bayyana: duk bindigar iska da ke ƙasa da iyakar lasisi, in dai ta yi kama da bindigar gaske sak ko kusa da sak, za a ɗauke ta a matsayin haramtacciya wajen shigowa da ita, fitar da ita, sayarwa da bayarwa.

Ka lura ba a ce za a ƙwace ta hannun mutane ba. Mai ita zai ci gaba da riƙe abarsa. Sai dai ba zai iya sayar da ita ba, ba zai ba ƙaninsa ba, in ta lalace ba sabuwa, kuma kantunan da ke kawo harsashi da kayan gyara ba za su rayu ba in babu cinikin bindigar. Wannan kashewa ce a hankali, kamar a bar wa mutum rijiya a ɗauke guga. 'Yan wasan da 'yan kasuwar suka ce kusan duk abin da ke kan kantocinsu zai faɗa cikin haramcin, tunda kusan kowace eyasof kwaikwayon wata sananniyar bindiga ce: M4, AK, Glock, MP5. Babbar matsalar rubutun ita ce kalmar "kusa da sak", wadda ba wanda ya faɗi iyakarta. In an canja launi ya wadatar? In an canja siffar gindin fa? Ɗan kasuwa ba zai yi odar kwantena a kan abin da jami'in kwastan ɗaya zai bari ya wuce, na kusa da shi ya riƙe ba.

Ƙungiyoyin 'yan wasan sun bayyana gaban kwamitin majalisa mai kula da tsaron jama'a. Abin da ya taimake su, a ganina, shi ne ba su tsaya a kan "ku ƙyale mu" ba. Sun zo da tayi: a tsayar da shekara 18 ga mai saye a duk ƙasar, a tsaurara ƙa'idar ɗauka da ajiya, a duba irin tsarin Birtaniya. Gwamnatin kuma ba ta da rinjaye a majalisa, tana buƙatar ƙuri'un jam'iyyar adawa ta NDP, ita kuwa NDP ta ƙi amincewa da wannan sashe. A watan Mayun 2023 kwamitin ya cire shi, ƙudirin ya zama doka a ranar 15 ga Disambar 2023 babu maganar eyasof a ciki. Labarin da ka ji, ragowar wannan taƙaddamar ne.

Masu son hanawa ba mahaukata ba ne

Wasu 'yan wasan kan yi magana kamar duk mai neman doka jahili ne da bai san abin ba. Ban yarda da haka ba. Ɗan sandan da aka kira da dare aka ce ga mutum da bindiga, ba shi da na'urar auna jul a aljihu. Abin da idonsa ya gani da shi zai yi aiki, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Bindigar eyasof mai jikin ƙarfe, ko a hannu ka riƙe ta sai ka duba da kyau, balle daga nisan mita 20.

A ranar 22 ga Oktoban 2013, a Santa Rosa ta jihar Kalifoniya, wani jami'in tsaro ya harbe Andy Lopez mai shekara 13, yana tafe a gefen hanya da eyasof mai siffar AK-47 wadda bakinta mai ruwan lemo ya karye. A ranar 22 ga Nuwamban 2014, a Kilibland ta jihar Ohayo, aka harbi Tamir Rice mai shekara 12 a wani wurin shaƙatawa, cikin kimanin daƙiƙa biyu da tsayuwar motar 'yan sanda. Wanda ya kira su ya ce mai yiwuwa ta wasa ce, mai yiwuwa kuma yaro ne, amma wannan bayanin bai isa ga waɗanda aka tura ba. Jaridar Washington Post ta ƙirga mutum 86 da 'yan sandan Amurka suka kashe cikin 2015 da 2016 riƙe da bindigogin da ba na gaske ba. Ba dukansu yara masu wasa ba ne, akwai masu fashi, akwai masu taɓin hankali, akwai masu neman a kashe su da gangan. Amma adadin ya isa ya nuna matsalar gaskiya ce.

Kanada ba Amurka ba ce, harbin 'yan sanda bai kai yawan na can ba. Duk da haka ba zan ɓoye maka ba: ɗanka matashi ne baƙar fata, kuma maƙwabcin da ya hango shi ta taga da abu mai kama da M4 ba lallai ya yi masa uzurin da zai yi wa wani ba.

Hanyoyin da ƙasashe suka bi

Hanya ta farko fenti. Tun 1988 dokar tarayyar Amurka ta wajabta wa masu ƙerawa da masu shigowa da kwaikwayon bindiga su sa mata baki mai ruwan lemo. Kalifoniya ta ƙara a kan haka bayan mutuwar Andy Lopez, da dokar SB 199 ta Sanata Kevin de León, wadda gwamna Jerry Brown ya sa wa hannu a 2014 ta fara aiki a farkon 2016: mazagin kunama ya zama mai launi mai ƙyalli, a kuma naɗa ƙyalle mai faɗin santimita 2 a mariƙi, ga doguwa kuma a wurare biyu cikin uku, mariƙi, gindi ko gidan harsashi. Fotugal ma ta wajabta fentin rawaya ko ja mai ƙyalli a baki da gindi. Wannan hanya ita ce mafi farin jini ga 'yan siyasa, don ana ganinta a hoto, kuma ita ce mafi rauni. Bakin lemo ɗan zoben roba ne da filaya ke cirewa cikin minti ɗaya, kuma a duka mutuwar yaran nan biyu babu shi a jikin bindigar. Gwangwanin baƙin fenti ɗaya ya isa ya shafe launin. Da dare ko a cikin inuwa launin ba ya fitowa. Sannan bindigogin gaske ma ana sayar da su a ruwan hoda da shuɗi, kuma ba abin da zai hana ɓarawo ya shafa wa tasa lemo a baki. Saboda haka ake koya wa 'yan sanda kada su dogara da launi, ka ga amfanin ya ragu ke nan tun daga tushe.

Hanya ta biyu tace mai saye. A nan Birtaniya ta fi kowa tsari. Dokarta ta rage manyan laifuka ta 2006, wadda wannan sashe nata ya fara aiki a Oktoban 2007, ta haramta ƙerawa, shigowa da sayar da kwaikwayon bindiga mai kama da ta gaske, amma ta bar ƙofa ga masu fim, gidajen tarihi, masu kwaikwayon yaƙe-yaƙen da, da 'yan eyasof da ke wasa a filin da ke da inshora. 'Yan kasuwar da kansu suka kafa rajista mai suna UKARA. Sai ka kai shekara 18, ka yi wasa sau uku a fili ɗaya mai rajista, tsakanin na farko da na uku ya kai aƙalla kwana 56, sannan a ba ka lamba ta shekara guda. Wanda ba shi da lamba zai iya saye, amma sai wadda fiye da rabin jikinta launi ne mai haske. A 2017 aka kuma tsayar da iyakar ƙarfi: jul 1.3 ga mai harbi a jere, jul 2.5 ga mai ɗai-ɗai. Holan ta bi makamancin haka tun 2013, sai ɗan ƙungiyar NABV ke mallaka. Hikimar tsarin ita ce wata biyun nan. Mai son ya tsorata wani a daren Juma'a ba zai jira wata biyu yana biyan kuɗin fili ba. Rauninsa shi ne cinikin hannu da hannu na tsofaffi, wanda ba mai iya sa wa ido sosai.

Hanya ta uku hana fita da ita fili. Jamus tun 2008 ta haramta ɗaukar duk abin da ya yi kama da bindiga a bainar jama'a, sai a cikin abin da aka kulle, tarar kuwa tana iya kaiwa yuro 10,000. Birtaniya ma tana hukunta ɗaukarta a waje ba tare da dalili karɓaɓɓe ba. Ta huɗu ita ce haramci kai tsaye, irin na yawancin Ostiraliya.

In ka tambaye ni, haɗa ta biyu da ta uku shi ne ya fi dacewa da ciwon. Wanda ke cikin fili mai shinge, sanye da tabarau, ƙarƙashin alƙalin wasa, bai tsorata kowa ba. Yawancin masifar da aka samu, a titi aka same ta, ko wurin shaƙatawa, ko makaranta, ko cikin mota.

Abin da za ka yi a aikace

Kada ka fara da saye. Kusan kowane fili yana ba da haya: bindiga, abin rufe fuska da harsashi na yini. Ka kai shi da kanka sau uku ko huɗu, ka tsaya ka saurari bayanin tsaro da ake yi da safe. Za a ba ka takardar amincewar iyaye ka sa hannu, kowane fili kuma yana da nasa mafi ƙarancin shekaru. Filin da ba ya auna bindigar kowa kafin a fara, ko ake cire tabarau a cikin fagen wasa ba mai tsawatarwa, kada ka koma. Yara da yawa sha'awarsu kan kwanta bayan zuwa na uku, ka ga ka tsira da kuɗinka.

In ya dage, ka sani a Ontariyo dokar 2000 ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba kwaikwayon bindiga, kantunan eyasof ma katin shaida suke nema. Kai za ka saya, taka ce, a hannunka za ta zauna. Ka saya a kantin cikin Kanada, kada ka yi oda daga Amurka ko Asiya, don in jami'an kan iyaka suka ga ba ta kai ƙafa 366 ba za su riƙe ta, ba kuma lallai kuɗinka ya dawo ba. Ka zaɓi doguwa mai batir, ba ƙarama mai gas ba. Ƙaramar tana shiga aljihu da jakar makaranta, nan fitina take. Ga kuma sanyin Kanada: gas ɗin da ake zuba mata furofen ne da ɗan man silikon, in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10 sai ƙarfinsa ya faɗi, harbin ya yi ta raguwa.

Akwai wani saɓani da zai ba ka mamaki a ranar farko. Bindigar da aka shigo da ita bisa doka takan harba ƙafa 380 zuwa 400 ko fiye, alhali filayen cikin gini da yawa iyakarsu 350 ce, na waje kuma yawanci 400 ga mai batir, 500 ga mai ɗanawa ɗai-ɗai tare da sharaɗin kada a harbi wanda tazararsa ba ta kai mita 30 ba. Don haka ka tambayi filin iyakarsa kafin ka je kanti, ka kuma nemi mai saurin canja sifirin, tunda shi ake canjawa a rage ƙarfi, wadda ake zare shi ta baya ba sai an buɗe akwatin injin ba. Buɗe akwatin injin ba aikin sabon shiga ba ne, in 'yan zoben da ke daidaita giyar suka goce, haƙoran fistin ne za su ci kansu. Ka tambayi mai kantin a kan matsayin doka kafin a rage mata ƙarfi zuwa ƙasa da ƙafa 366.

Wajen aunawa akwai wata dabara da ke jawo rauni. A bindigogin gas da masu tukunyar iska, harsashi mai nauyi yakan daɗe a bututu ya kwashi iska fiye da mara nauyi. Sai a auna da giram 0.20 a ga jul 1.4, mai ita ya shiga fage ya zuba 0.36 ta koma kusan jul 2. Fili mai hankali da nauyin da mutum zai yi wasa da shi yake aunawa, kuma da jul yake magana ba da gudu kaɗai ba. Ga mai batir ta sabon shiga, giram 0.25 ya wadatar. Kada a sayi mai arha na 0.12, yana da gaɓa a tsakiya, yakan fashe a ciki ya yaga robar da ke juya harsashi. Wanda ya faɗi ƙasa kuma ba a sake ɗauka a zuba.

Kuɗin da bai kamata ka yi ƙwauro a kansa ba shi ne na ido. Tabarau mai rufe ido ruf ta kowane gefe, mai alamar Z87+ ko ASTM a jikinsa, mai gilashi biyu don kada ya yi hazo, domin hazo ne ke sa yaro ya ɗaga shi a tsakiyar wasa. Na raga ba shi da kyau ga ido, tarkacen harsashin da ya fashe yana ratsawa. Ga baki da haƙora ragar ƙarfe ta dace. Mai shekara 15 gara ya sa mai rufe fuska gaba ɗaya irin na wasan harbin fenti.

Sai ɗauka da ajiya, inda gizo ke saƙar. Bayan wasa a cire gidan harsashi, a juya baki ƙasa a harba sau biyu ko uku don fitar da wanda ya maƙale a ciki, a mayar da makullin tsaro, a cire batir, a sa wa bakin hularsa. A saka ta a jaka ko akwatin da ba a ganin cikinsa, a sa kwaɗo, a ajiye a but ɗin mota. Daga gida zuwa fili, daga fili zuwa gida, babu biyawa kanti da ita a kujerar baya. Ba bas, ba jirgin ƙasa, ba keke. Rigar sojan da jakunkunan ƙirji a fili ake sa su, a fili ake cirewa. A gida a kulle ta, makullin yana wurinka, batirinta na litiyom da ake kira lifo kuma a ajiye shi daban a jakarsa mai hana gobara, kada a bar shi a caji ba kowa. Ba harbin gwangwani a bayan gida: birane da yawa na Ontariyo suna da dokar hana harba ko da bindigar iska ce, kuma daga bayan gida ake kiran 'yan sanda. Ka hana shi ɗaukar hoto da ita ya sa a Instagram ko Snapchat. Hoto ɗaya da ɗan ajinsu ya tura wa malama ya isa a rufe makaranta a zo har gidanka.

Ka zaunar da shi ka koya masa abin da zai yi in tsautsayi ya sa 'yan sanda suka same shi da ita a hannu. Kada ya juya da ita, kada ya ɗaga ta don ya nuna ta roba ce, kada ya kai hannu ya cire gidan harsashi, kada ya gudu. Ya tsaya cak, ya bi umarnin da aka ba shi, in an ce ya yar ya sake ta ta faɗi ko da za ta karye, tafin hannuwansa a buɗe inda za a gani. Bayanin cewa ta wasa ce da baki ake yi, bayan ta bar hannunsa. Ku maimaita wannan tare har ya zauna masa.

Game da kuɗinka: ko a ƙarƙashin C-21 da ba a ƙwace ta ba, darajar sayarwa ce za ta tafi. In wani ƙudiri ya sake tasowa, ka duba abu uku a rubutunsa: ko mallaka ya hana ko sayarwa kawai, yadda ya fassara kama da ta gaske, da ko ya bar ƙofa ga 'yan filaye masu rajista. Wannan bayani ne na harkar wasa ba fatawar lauya ba, dokokin birni kuma sun bambanta, don haka ka duba ta garinku, ka tambayi mai filin.

Abu ɗaya kuma, tunda na san mukan yi tsaraba. In za ku je hutu gida, kada ta shiga kaya. Ƙaramar bindigar iska tana cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta Najeriya ta haramta shigowa da su kwata-kwata, kuma jami'in da ya buɗe akwati a filin jirgin Kano ko Abuja, ko sojan da ya buɗe but a shingen hanyar Kaduna, ba zai tsaya sauraron bayanin ƙafa 366 ba. Ta zauna a Ontariyo a kulle har ku dawo.